Kwana goma a Filipin: duwatsun Banaue, bakin teku, ko a haɗa duka?

Baban Safiyya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan uwa waɗanda suka san ƙasar Filipin, ko da zama ko da ziyara. 'Yata ta fari tana gab da kammala karatun aikin jinya a birnin Cebu, kuma za a yi bikin yaye su a tsakiyar watan Mayu idan Allah ya kai mu. Ni da mahaifiyarta mun ƙudura niyyar halarta, kuma tun da kuɗin jirgi ya riga ya zama dole, sai na ga asara ce mutum ya ƙetare rabin duniya, ya zauna a ɗakin taro na awa uku, sannan ya juyo gida. Hutun mako biyu na samu, wanda idan aka cire kwanakin zuwa da dawowa da ranar bikin, abin da zai rage bai wuce kwana goma ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakin shinkafar nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu a Banaue. Wani malaminmu ɗan Filipin da ya koyar da mu kimiyya a sakandare a farkon shekarun 1980 yakan nuna mana hotonsu, kuma tun daga lokacin nake da burin ganinsu da idona. Ina kuma so in ga yadda mutanen ƙasar suke rayuwarsu. Uwargida kuwa ta faɗa mini ƙarara cewa ita ba hawan dutse zai kai ta ba, bakin teku take so ta zauna ta huta, domin tana fama da ciwon gwiwa. Na tsara cewa za mu sauka a Manila, mu je Banaue da Sagada da Vigan, mu tsallaka El Nido da Boracay, sannan mu ƙare a Cebu. Da na tura wa yarinyar wannan tsari sai ta yi dariya ta ce in tambayi manya, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ɗalibi a Baguio:
Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya sanya alheri a karatun ƙanwarmu. Ina shekara ta huɗu a nan, kuma da izininka zan faɗi dalilin dariyarta. Taswira tana ruɗar mutum game da wannan ƙasa, saboda a takarda komai kusa yake, alhali tsibirai 7,641 ne, kuma tsakanin wuraren da ka lissafa ko dai teku ce ko kuma hanyar dutse mai lanƙwasa wadda mota ba ta iya gudu a kanta. Daga Manila zuwa Banaue motar dare ce, awa tara zuwa goma. Daga Banaue zuwa Sagada ta garin Bontoc kusan awa uku ne. Vigan tana can gefen teku ta yamma, kuma sai ka sadaukar da mafi yawan yini kafin ka gangaro mata daga duwatsu, sannan ka sake wata doguwar tafiyar ta komawa Manila. El Nido tana tsibirin Palawan, kuma idan ka sauka a Puerto Princesa, inda tikiti ya fi sauƙi, akwai awa biyar zuwa shida a ƙaramar bas a gabanka. Boracay ita ma jirgin sama ne, sannan kwale-kwale. Idan aka tara duka, rabin kwanakinka goma a kan kujerar mota da zauren jiran jirgi za su ƙare, kuma Mama za ta isa wurin bikin a gajiye.

Shawarata ita ce a zaɓi dutse ɗaya da teku ɗaya. Sauran kuwa za ka gan su a aljihunka, domin an buga Banaue a bayan takardar peso 20, dutsen Mayon mai aman wuta a ta 100, tsaunukan Bohol a ta 200, kogin ƙarƙashin ƙasa na Palawan a ta 500.

Maman Ilham:
Alhaji, ni zan ma fi ɗana na Baguio tsanantawa. Tun da a Cebu bikin yake, ban ga abin da zai kai ku arewacin tsibirin Luzon, inda Banaue da Sagada da Vigan suke, ba sam. Mun yi irin wannan tafiya da maigidana, kuma tsibirin Bohol kaɗai ya wadatar da mu. Awa biyu ne a jirgin ruwa mai sauri daga Cebu zuwa Tagbilaran, daga nan kuma gada ce ta haɗa shi da Panglao, inda masaukan bakin teku suke. A yini guda aka kai mu tsaunukan da ake kira Chocolate Hills, waɗanda sun haura 1,200, jere reras kamar an kifa ƙore a faɗin ƙasa, kuma a watan Mayu ciyawar kansu ta bushe ta yi ruwan ƙasa, wanda shi ne asalin sunan. Muka ga ɗan mitsitsin dabbar nan tarsier, wanda bai wuce dunƙulen hannu ba amma idanunsa sun cika fuskarsa, muka kuma ci abincin rana a cikin jirgin ruwa a kan kogin Loboc. Kafin magariba mun dawo masauki. Ga tsauni, ga al'ada, ga teku, ba tare da an kwana a mota ba. Ku maza kuna manta cewa wadda za ta yi tafiyar tare da ku ba ƙarfinku ɗaya ba, kuma mai ciwon gwiwa ba a gwada mata motar awa goma.

Manomin Kura:
Hajiya, ina girmama maganarki, kuma batun lafiyar uwargida gaskiya ne, amma ba zan yi shiru a kwatanta Chocolate Hills da Banaue ba. Tsaunukan Bohol tuddai ne, yawancinsu ba su wuce mita 30 zuwa 50 ba, kuma abin da ake yi shi ne a hau dandamali a kalle su, a ɗauki hoto, a sauko. Shi kansa dandamalin da ke Carmen matakalarsa ta haura ɗari biyu, saboda haka gwiwar ba ta tsira ba ko a can. Banaue kuwa aikin hannun mutane ne, kuma har gobe suna cikinsa.

Na je horo a Los Baños, inda cibiyar binciken shinkafa ta duniya take tun 1960, kuma da aka ba mu hutu sai na kama hanyar lardin Ifugao, inda Banaue take. Na kwana biyu a ƙauyen Batad. Mota tana ajiye mutum a ƙarshen kwalta, sai ya ƙarasa da ƙafa kusan rabin awa, kuma ba zai ga komai ba sai bishiyoyi har ya zagayo wata kusurwa, inda dutsen gaba ɗaya zai buɗe a gabansa kamar ƙatuwar kwarya da aka yi wa hawa-hawa tun daga baki har gindi, gidajen ƙauyen kuma suna can tsakiya. Ni da na tashi a cikin noman rani, na san wahalar daidaita fangali ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa don ruwa ya kwanta daidai. Waɗannan mutane sun yi hakan a jikin dutse, kowane fangali an tokare shi da katangar duwatsu, wata ma ta fi tsayin mutum. Babu injin ban-ruwa ko ɗaya. Ruwan daga dajin da ke saman dutsen yake fitowa, wanda suke kira muyong, kuma iyalai ne suke gadonsa suna kula da shi, domin sun san ranar da aka sare shi gonakin sun mutu. Ruwan yana shiga fangalin sama, ya cika, ya tsiyaya ta wata 'yar kafa zuwa na ƙasa, haka har ƙorama. Ke nan wanda ke sama ba shi da ikon riƙe ruwa, na ƙasa kuma ba shi da ikon yin sakaci da katangarsa.

Wata safiya na tsaya ina kallon wata tsohuwa da bayanta ya ranƙwafa, tana tafiya a kan kunyar da faɗinta bai kai taku biyu ba, babu takalmi, da laka har gwiwa, tana cire ciyawa daga tsakanin duwatsun katanga da yatsunta. Ni kuwa ina bin wannan kunyar da sanda a hannu, ƙafata tana rawa. Shinkafarsu ta gargajiya, tinawon, sau ɗaya ake girbe ta a shekara, zangarniya-zangarniya da 'yar wuƙa, a ɗaure ta dami-dami a adana, kuma a turmi suke sussuka ta kamar yadda iyayenmu mata suke yi wa gero. Alhaji ya ce tun yana ɗan sakandare yake son ganin wurin nan, kuma watan Mayu lokaci ne da shukar take kore shar kafin ta nuna a watannin Yuni da Yuli. Idan ya je Filipin a daidai wannan lokaci ya dawo bai gani ba, zai daɗe yana cizon yatsa.

Tsohon Malami:
Na ji daɗin bayanin Malam na Kura, kuma ina so in ƙara abu biyu a kai. Na farko, duk ɗan jagoran da ka samu zai ce maka gonakin sun shekara 2,000. An daɗe ana faɗin haka, amma binciken masana tonon kayan tarihi na baya-bayan nan ya nuna cewa yawancinsu ba su wuce shekara 400 ba, wato an faɗaɗa su ne a zamanin da Sifaniyawa suka mamaye ƙasan tudu, mutane suka yi ta haurawa duwatsu don guje wa haraji da aikin tilas. A ganina wannan bai rage musu daraja ba, sai ma ya bayyana dalilin da ya sa mutanen Cordillera, wato yankin duwatsun nan, suka riƙe harsunansu da al'adunsu, alhali Sifaniya ta mulki ƙasar daga 1565 zuwa 1898. Na biyu, lokacin da UNESCO ta sanya gonakin cikin kayan tarihin duniya a 1995, rukuni biyar ta zaɓa, wato Batad da Bangaan da Mayoyao da Hungduan da Nagacadan, kuma waɗanda ake hangowa daga cikin garin Banaue ba sa ciki. Wanda ya taɓa zuwa Sukur a jihar Adamawa, wadda ita ma ta shiga wannan jeri a 1999, zai gane dabarar, ko da yake su can dawa da gero suke shukawa a kan busassun matakalai, ba shinkafar da ke kwance cikin ruwa ba.

Inda nake da ja shi ne yadda Alhaji ya ɗauki al'ada kamar wani gari ne da za a sa a jeri, shi ya sa ya saka Vigan. Vigan gari ne mai kyau, da gidajen zamanin Sifaniya da keken doki, amma ba sai an je can ba. Kwana ɗaya a Manila ya isa ya nuna maka yadda aka gina ƙasar hawa-hawa. Ka shiga Intramuros, tsohon birni mai ganuwa, ka tuna cewa kafin Legazpi, jagoran Sifaniyawa, ya kafa shi a 1571 sarkin da ke wurin Musulmi ne, Rajah Sulayman. A cikinsa akwai cocin San Agustin da aka kammala a 1607, akwai kuma Fort Santiago, inda Sifaniyawa suka tsare José Rizal, marubuci kuma gwarzon ƙasar, kafin a harbe shi ranar 30 ga Disamba 1896. Daga nan ka ƙetare kogin Pasig zuwa Quiapo, ka yi sallah a masallacin nan mai kubba ruwan zinariya da aka gina a 1976 domin ziyarar Gaddafi, ziyarar da a ƙarshe ba a yi ba. Motar da za ta kai ka, jeepney, asalinta motocin sojan Amurka ne da aka bari bayan yaƙin duniya na biyu, aka ƙara musu tsawo aka yi musu ado. Shi kansa Bohol da Hajiya take yabo ba teku kaɗai ba ne, domin a can aka yi tawayen Dagohoy daga 1744 zuwa 1829, shekara 85 Sifaniyawa suna fama da shi.

Abin da ya fi burge ni kuwa ba gini ba ne. Yaro idan ya zo gaishe da babba yakan kama hannunsa ya ɗora a goshinsa, suna kiran hakan mano, kuma a yankin Manila ba sa yi wa babba magana ba tare da sun saka kalmar girmamawa ta po ba. Ba sa kiran wanda ya girme su da suna gatsal, sai sun ce kuya ko ate, kamar yadda muke cewa yaya. Suna da bayanihan, wanda aikin gayya ne sak, har maƙwabta sukan taru su ɗauki bukkar gora sukutum a kafaɗa su mayar da ita wani wuri. Waɗannan abubuwa a cikin mota da kasuwa da gidan da ka sauka za ka gan su, muddin ba sauri kake yi ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga dattawa. Kowa yana maganar inda za a je, ba wanda ya taɓo abin da za a ci, kuma shi ne ya fi ba ni wahala. Ni fatauci ya kai ni, na yi mako uku. Fasfo ɗin Nijar yana cikin waɗanda ake bari su shiga na kwana 30 ba tare da biza ba, haka ma na Gana, amma na Nijeriya sai an nema, kuma ofishin jakadancin Filipin yana Abuja, saboda haka Alhaji ya fara da wuri, ya haɗa da takardar gayyata daga makarantar yarinya. A riƙe katin rigakafin cutar shawara, da tikitin dawowa, kuma a tabbatar fasfo yana da sauran aƙalla wata shida.

Game da abinci, naman alade ya ratsa girkinsu ta yadda mu ba mu saba ba. Ba lechon kaɗai ba, wanda gasasshen alade ne sukutum da kowa zai gane da ido. A wani ƙaramin gidan abinci na taɓa nuna kwanon ganye da kabewa na ce a zuba mini, ina murna na tsira, sai da na kai cokali na ga ƙananan yankan kitse a ciki. Da na yi magana, matar ta ce ai ɗan kaɗan ne don ɗanɗano, kuma ta ba ni haƙuri da gaske, domin a wurinta wannan ba ya cikin lissafin nama. Tun daga ranar na haddace kalmomi huɗu: baboy alade, manok kaza, isda kifi, baka saniya. Idan ka ce walang baboy sun gane cewa ba ka son alade, amma ka ƙara tambayar man da aka yi suya da shi. A duwatsu kuma a kiyayi pinikpikan, wanda za a gabatar maka a matsayin abincin gargajiya na kaza, alhali dukan kazar ake yi da sanda kafin a dafa ta, sannan sau da yawa a jefa mata busasshen naman alade da suke kira etag. A can ƙwai da shinkafa da ganye da kifin gwangwani su ne abokan tafiya. A bakin teku ne mutum yake sakewa, saboda ga ɗanyen kifi za ka nuna a gasa maka a gabanka, ga ruwan kwakwa, ga mangwaron da ban taɓa shan mai zaƙinsa ba. A Quiapo kuma akwai gidajen abincin Musulmin tsibirin Mindanao da ke kudancin ƙasar, inda ake sayar da pastil, shinkafa da sassaƙen kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, mai arha da ƙosarwa.

Wani abin da ya ɗaure mini kai a daren farko shi ne alƙibla. Mu da muka saba cewa mutum ya fuskanci gabas, har muke kiran mai sallah mai duban gabas, a can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Kuma suna gabanmu da awa bakwai, don haka kwana biyun farko barci yakan rikice.

Maman Ilham:
Malam na Kura, na ji bayaninka kuma ya ratsa ni, amma ka lura cewa kai da kanka ka ce ƙafarka tana rawa a kan kunya, kuma kai manomi ne. To, ina ga matar da ke shafa magani a gwiwa kowane dare? Ban ce Banaue ba ta cancanci gani ba, cewa na yi tafiyar ta mutum biyu ce.

Tun da an bar mini ɓangaren teku, bari in faɗi abin da mace mai hijabi take dubawa, wanda ba ya cikin hotunan talla. Boracay tana da farin rairayi mai laushi kamar garin alkama, tsawon kusan kilomita huɗu, kuma an tsabtace ta sosai tun bayan da gwamnati ta rufe ta na wata shida a 2018. A 2024 ma an keɓe wani lungu na bakin tekun domin iyalan Musulmi. Duk da haka wuri ne na cunkoso da kiɗa da shaye-shaye da dare. A Panglao ma bakin tekun Alona haka yake, shi ya sa muka koma Dumaluan, inda ruwan ba shi da zurfi, mutum zai yi tafiya mai nisa a ciki bai kai ƙugu ba. Na shiga da doguwar riga da wando da ɗankwali, kuma ba wanda ya ɗaga ido ya kalle ni, domin su kansu 'yan ƙasar da riga da gajeren wando suke wanka, baƙi ne suke tuɓewa. Wanda yake son shiru fiye da haka sai ya wuce Anda a gabashin Bohol. El Nido kuwa kyanta a cikin kwale-kwale yake, ana yawo tsakanin duwatsun da suka tsaya cak a cikin ruwa, ana hawa ana sauka daga jirgi yini guda, wani lokaci a cikin ruwa har ƙirji. Wannan nishaɗin matasa ne, ba hutun da uwargida ta roƙa ba.

Ɗalibi a Baguio:
Maganar Mama a kan El Nido haka take, kuma akwai batun yanayi. Mayu ƙarshen rani ne a nan, zafi da gumi sun kai maƙura a Manila da Cebu, kuma daga Yuni iskar damina da suke kira habagat take fara kaɗowa daga kudu maso yamma, wadda ta fi dukan gaɓar yamma, inda El Nido da babban bakin tekun Boracay suke. Bohol tana tsakiyar tsibirai, ta fi samun kariya. Mahaukaciyar guguwa kusan ashirin ke shigowa yankin ƙasar a shekara, yawancinsu daga Yuli zuwa Oktoba, saboda haka Mayu da sauƙi, amma a duwatsu ruwan yamma yakan fara tun lokacin, kuma hazo yana iya rufe gonakin gaba ɗaya. Wanda yake son gani sai ya fita da sassafe. Kada kuma a sa ranar saukowa daga dutse dab da ranar biki, domin zaftarewar ƙasa tana iya tare hanya.

Game da Sagada, ni ina sonta saboda sanyinta da itatuwanta, tana kan tudu kusan mita 1,500, amma abin da ake zuwa gani shi ne kogon Sumaguing, wanda sai an yi rarrafe, da kuma akwatunan gawa da aka rataye a jikin dutse.

Tsohon Malami:
A kan waɗannan akwatuna ina da ra'ayi, kuma na san ba kowa zai yarda da ni ba. Maƙabarta ce ta mutanen Kankanaey, kuma waɗanda ke ciki kakannin mutanen da ke raye ne a garin. Da wani baƙo zai zo maƙabartarmu ya tsaya yana ɗaukar kansa hoto yana dariya, ba za mu ji daɗi ba. Wanda zai je ya je da natsuwa, ya saurari bayanin ɗan jagora ɗan garin. Wanda kwanakinsa suka yi kaɗan kuwa, wannan ne farkon abin da zan ce ya cire.

Manomin Kura:
Na yarda a cire Sagada da Vigan, na kuma sallama wa Hajiya batun teku, domin ta fi ni sani. Amma ga mafita a kan gwiwa. Bangaan, wadda Malam ya ambata cikin rukuni biyar ɗin nan, daga bakin titi ake hango ta, ƙauyen yana can ƙasa a tsakiyar gonaki kamar an ajiye shi a faranti. Uwargida za ta iya zama a kan benci da kofin shayi ta gan shi sarai ba tare da ta taka matakala ba. Haka ma wuraren hange da ke saman garin Banaue, babur mai ɗaki a gefe yana kai mutum har wurin. Ranar da Alhaji zai gangara Batad, ita sai ta zauna a masauki mai baranda da ke kallon kwari, ko ta shiga kasuwa ta ga masu saƙa da masu sassaƙa. Alhaji kuma ya ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, domin matasansu da yawa sun bar noma sun tafi birni, har UNESCO ta sanya gonakin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari daga 2001 zuwa 2012, kuma kuɗin jagoranci da na masauki suna cikin abin da ke riƙe waɗanda suka zauna. Kada ya ce sai ya kai ga ruwan Tappiya da ke gangarowa daga dutse a bayan ƙauyen, saboda saukar da daɗi, hawowar ce take fitar da numfashi.

Baban Safiyya:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na karanta wa uwargida duk abin da aka rubuta, kuma ta ce a gaishe da Hajiya Maman Ilham da kyau, ta ce ta samu lauya. Ga abin da muka tsaya a kai. Za mu sauka a Manila mu yi kwana biyu, mu huta mu ga Intramuros da Quiapo. Daga nan mu hau Banaue mu kwana uku, ita ta tsaya a Bangaan da wuraren hange, ni kuma in gwada Batad. Sai mu dawo Manila mu tashi zuwa Cebu da sauran kwana biyu kafin biki, bayan biki kuma mu ɗauki yarinyar mu tsallaka Panglao mu yi kwana uku, ba tare da wani tsari ba sai yini ɗaya na zagaya Bohol. El Nido da Boracay da Vigan da Sagada na yafe su. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, wato ba za ta kwana a zaune cikin bas ba. Shin ana samun motar haya ta rana zuwa Banaue, kuma shin za mu iya tashi gida daga Cebu ba tare da mun koma Manila ba?

Ɗalibi a Baguio:
Baba, duka biyun suna yiwuwa. Ana ɗaukar shatar ƙaramar bas da direbanta, kuma masaukan Banaue da kansu sukan haɗa baƙo da direba, sai dai kuɗin ya ninka na motar dare sau da yawa, kuma tafiyar rana takan fi tsawo saboda cunkoson fita daga Manila da manyan motoci a hanyar Nueva Vizcaya. A tashi bayan sallar asuba, a tsaya a Solano ko Bayombong a ci abinci a miƙe ƙafa, da yardar Allah za a isa kafin duhu. Ku sani cewa zuwa da dawowa za su cinye yini biyu cur, saboda haka kwana ukun da ka ware a can kada a rage su. Filin jirgin Mactan da ke Cebu na ƙasa da ƙasa ne, kuma akwai jiragen da ke tashi daga can zuwa Doha da Dubai, sai ka gaya wa mai yanka maka tikiti tun farko cewa shiga ta Manila, fita ta Cebu. A cire isassun kuɗi a hannu kafin a hau dutse, domin a Batad ba a karɓar kati. Mama kuma ta taho da rigar sanyi ko da a Mayu ne, saboda daren Banaue yana kama da na Jos a farkon hunturu. Idan ka sanya ranar, ka sanar da ni, in jarrabawa ba ta hana ba zan gangaro daga Baguio in tarye ku a can.